Shekarar da Baba Ya Shuka Gero

Har na yi aure ban taɓa ganin gero a tsaye cikin gona ba. Sunansa dai ina jinsa kullum a bakin Baba, ƙwayarsa kuma ina ganinta a buhu a kasuwar Hajj Abdalla idan an kawo daga yamma, amma karansa da ganyensa ban san su ba. Mu 'yan Jazira ne, can gabas cikin Larabawa a kan tsohuwar hanyar Makka. Abin da muka buɗe ido muka gani shi ne auduga da dawa da gyaɗa da alkama, kowanne da layinsa da lokacinsa, yadda hukumar gonaki ta tsara tun ba a haifi Baba ba.

Gonarmu, wadda a nan ake kira hawasha, kakana ne ya same ta. Ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, ya tsaya tsinkar auduga don ya haɗa guzuri, aka wayi gari ya yi mata da 'ya'ya, Makka kuwa sai da ya tsufa ya gan ta. Yadda ya yi ya sami hawasha da sunansa, alhali yawancin Hausawan ƙauyenmu noman raba-daidai suke yi a gonakin wasu, labari ne mai tsawo. Ita ce dai mutuncin gidanmu. Saboda ita ake gyara wa Baba wuri idan ya shiga taro, saboda ita kuma aka zo neman aurena da ladabi. Aibinta ɗaya ne: tana can ƙarshen ƙaramar hanyar ruwan da muke ce wa abu ishirin, sai ruwa ya ratsa gonar kowa sannan ya iso mu.

A da wannan bai dame mu ba. Akwai mufattishi, jami'in da ke kula da yankinmu. Akwai gafiri mai tsaron ruwa, wanda ke yawo a kan jaki yana toshe wa wannan yana buɗe wa wancan, har na ƙarshe ya sha. Duk shekara inji na zuwa ya yashe laka da ciyawa daga manyan hanyoyin ruwa. Idan tsuntsaye suka yi yawa, jirgin sama ya zo ya yi musu feshi a makwancinsu. Ba mu taɓa ɗaukar waɗannan a bakin komai ba, mun zaci haka Allah ya halicci duniya.

Baba kuwa bai taɓa son mufattishi ba. Tun ina ƙarama nake jin ƙorafinsa idan ya dawo da yamma yana wanke ƙafa. "Ƙasa tawa ta, zuhwa tawa ta, amma wani mai hula shi zaka shi ce min yau za ka shuka, gobe za ka tuge. Ni da ubana yat taka tun daga Sakkwato, ban da ikon in sa gero ko zangarniya guda cikin gonata!" Inna sai ta ce masa ya ci tuwonsa tun bai huce ba. Wannan magana ta gero mun ji ta har mun haddace, ni da yayyena muna kwaikwayonsa a bayan ɗaki.

Sai sabuwar doka ta zo. An tara manoma a filin makaranta aka karanta musu, kuma abin da na fahimta shi ne ta zo da kyauta biyu. Ta farko, kowa ya shuka abin da ransa ke so. Ta biyu, wanda ya ga dama ya sayar da hawasharsa, babu mai hana shi. Baba ya dawo gida yana tafiya kamar saurayi, ta farkon kawai ya ji. Ta biyun kuma akwai waɗanda suka ji ta da kyau a birnin Madani.

Abin da ba a karanta a filin makaranta ba shi ne, mufattishi zai tafi da komai nasa. Gafiri ya daina zuwa. Injin yashe laka ya tsaya a bakin babbar hanyar ruwa har tsatsa ta cinye shi, awaki na kwana a inuwarsa. An ce manoma su haɗa kai su kula da ruwansu da kansu, aka yi taro aka zaɓi shugabanni, kuma duk waɗanda aka zaɓa gonakinsu a farkon ruwa suke. Ciyawar kacala ta cika magudanai, ƙayar miskit ta yi daji a gefensu. Wani ya sa albasa mai shan ruwa kullum, wani ya sa masara, wani ya kafa injin ban ruwa ya zuƙe abin da ya rage. Mu da ke ƙarshe sai mu je mu tarar da abu ishirin ta tsattsage.

Damina biyu a jere dawarmu na fitowa lafiya da ruwan sama, idan ta zo daidai fitar da kai, lokacin da ta fi bukatar ban ruwa, sai ta bushe a tsaye muna kallo. Gyaɗa kuma ƙasa ta ƙanƙame ta, a tuge ganye 'ya'yan su tsaya a ƙasa. Awakin Inna suka bi hanyar kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Yayyena biyu suka tafi arewa haƙar zinari, mijina ya bi su, sai in an yi sa'a a ji muryarsu a waya. Na dawo gidanmu da zama. Gidan ya koma na tsoho ɗaya da mata da ƙananan yara, kuma kowa na jiran abin da zai fito daga hawasha guda.

A lokacin ne wani tajiri daga Madani ya fara zuwa da farar motarsa a-kori-kura, wadda a nan ake kira boksi. Ya riga ya sayi hawasha uku a layinmu, yana so ya haɗe su da tamu ya jawo ruwa da injinsa daga babbar hanya. Mutum ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa ɗaga murya ba. Yakan zauna a tabarmarmu ya sha shayi ya tambayi lafiyar kowa. Ni wannan fara'ar ce ta fi ƙona min rai. Duk ranar da na kai masa shayi, ajiye tiren nake yi da ƙarfi har kofuna su yi ƙara, Inna na harara ta daga bakin madafa.

"Ya Hajji," yakan ce da Larabci, "ka tsufa, 'ya'yanka sun tafi. Ka huta mana. Idan ma aiki kake so, ga shi nan a wurina, wa ya san ƙasar nan kamarka?"

Baba ya amsa masa da Larabci cewa zai yi tunani, ya raka shi har mota, sannan ya dawo ya faɗa mana da Hausa abin da ba zan iya rubutawa ba.

Gab da damina ta uku Baba ya ce zai je gaishe da Kawu, ƙanen mahaifiyarsa, wanda ke zaune a wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi kusa da Sinja. Ya dawo da buhu a kafaɗa, ya ajiye shi tsakar gida, ya kwance bakinsa. Gero ne, ƙanana-ƙananan ƙwayoyi masu ruwan toka, ba irin na kasuwa ba. Ya ce irin da mutanenmu suka taho da shi ne, can ƙauyen Kawu ba su taɓa barin ya ɓace ba.

Inna ta dubi buhun ta dube shi. "Malam, wanga mi na?"

"Iri na."

"Na gani iri na. Ina za ka sa shi?"

"Hawasha. Duka."

Na ce, "Duka, Baba? Ko kadada guda ba za ka bar ma dawa ba?"

Ya juyo gare ni. "Ɗiyata, dawa mi ta yi muna shekara biyu? Dawa tana son ruwa hal bayan damana, mu ko ba mu da shi. Gero ba ruwanai da abu ishirin. Ruwan sama ya ishe shi, kuma kahin dawar mutane ta yi ciki mu mun yanke namu mun kai gida."

Maganarsa da hankali a ciki. Na san akwai kwaɗayin fura irin ta uwarsa a ƙarƙashin wannan hankalin, kwaɗayin da ya yi shekaru yana ɗauke da shi, amma lissafin ruwan daidai ne. Inna kuwa ta ce abin da ke cikin rumbu ba zai kai mu ƙarshen damina ba sai an riƙa tsallake abincin rana, kuma babu sauran akuyar da za a sayar.

"In wanga ya ƙi hwa?" ta tambaye shi.

Baba ya ɗaure bakin buhun a hankali. "In ya ƙi, halas, shi ke nan. Na ba mutumin Madani."

Mun shuka shi da ruwan farko, da hannu, domin babu abin biyan tarakta. Baba na gaba yana sara da sungumi, mu mata muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Makwabcinmu na hawasha, wani dattijon Balarabe da suka girma tare da Baba, ya tsaya a kan kunya yana dariya, ya ce Hajji ya mai da Jazira ƙasar Hausa. Baba ya ce masa ya tanadi ƙwarya, fura na tafe.

Geron nan kuwa ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau, har yau idan na rufe ido ina ganinsa. Baƙar ƙasarmu da aka ce ba za ta karɓe shi ba ta karɓe shi hannu biyu. Ya tashi ya wuce kaina, ya wuce kan Baba, ya fitar da kai dogaye kamar taɓare, bununi ya rufe su. Duk faɗin yankin nan, inda dawar mutane ba ta wuce gwiwa ba, gonarmu kaɗai ce a tsaye da kai. Tsofaffin ƙauyenmu suka riƙa zuwa kallo bayan la'asar. Wata tsohuwa da aka riƙo hannunta ta shafa zangarniya ɗaya ta fashe da kuka, ta ce rabonta da ganin wannan tun tana yarinya. Ni da na yi gardama sai ga ni ina tafiya a ƙauye da kai a sama, ina jira a tambaye ni labarin gonarmu.

Babu wanda ya yi tunanin tsuntsaye. Baba bai yi ba, Kawu bai yi ba, ni ma ban yi ba. A ƙauyen Kawu kowa gero yake shukawa a rana ɗaya, idan jan-baki ya zo sai ya rarrabu a gonaki masu yawa, kowa ya yi asarar kaɗan. A nan ma a da haka dawa take, dubban gonaki na nuna lokaci guda, ga jirgi. Yanzu kuwa babu jirgi, kacala da miskit da suka cika hanyoyin ruwa sun ba tsuntsaye makwancin da ba su taɓa samu ba, kuma a duk ƙasar babu ƙwayar hatsi da ta yi madara sai tamu.

Ranar da na fara ganinsu na kai wa Baba karin kumallo ne. Na hangi wani abu kamar hayaƙi yana tasowa daga wajen babbar hanyar ruwa, yana lanƙwasa yana miƙewa. Na ɗauka wani ne ke ƙona ciyawa. Sai na ga Baba ya jefar da fartanya yana gudu cikin gero yana ihu, tsoho da gwiwoyinsa ba sa barinsa ya yi sujada sai da dabara. Larabawa na ce musu zarzur. Ɗan tsuntsu ne da bai kai babban yatsa biyu ba, idan ka riƙe shi a hannu har tausayi zai ba ka. Amma sun sauka a kusurwar gabas, kuma da suka tashi kawunan geron wurin sun koma fari fat, babu komai sai ƙaiƙayi.

Daga wannan rana gida ya koma gona. Baba ya kafa itatuwa ya ɗaura gado a sama tsakiyar hawasha. Muka ja igiyoyi daga nan zuwa kowace kusurwa, muka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, da ledoji, da zaren tsofaffin kaset mai ƙyalli. Muka cura laka muka shanya don majajjawa. Kafin gari ya waye muna can, ni da Inna da matan yayyena biyu, kowa da kusurwarta, Baba a kan gado yana jan igiya. Idan rana ta take sukan koma inuwa, mu ma mu zube a ƙarƙashin gadon. La'asar na yi su dawo, sai duhu ya raba mu.

Da farko suna jin tsoron gwangwani. Ba a daɗe ba suka gane ƙara ce kawai. Sai ka ja igiya su tashi su yi sama kaɗan su sauka a bayanka. Ka juya baya su koma inda ka baro. Ledojin da muka rataya a kansu suke hutawa. Na yi jifa da majajjawa har kafaɗata ta daina ɗaguwa, na zage su da Hausa, na zage su da Larabci, na zagi wanda ya rubuta dokar da wanda ya karanta ta a filin makaranta. Muryar Inna ta dushe gaba ɗaya, ta koma buga tsohuwar tasa da ludayi. Muna yin wannan duka da kunun safe kaɗai a ciki.

Baba ya bar mu rana ɗaya ya hau mota zuwa Madani, ofishin da a da ake kai irin wannan kuka. Ya dawo da la'asar ya hau gadonsa. Sai da Inna ta matsa masa ya ce ya sami mutum ɗaya a ciki, mutumin kirki, ya ba shi ruwa ya sha, ya ce masa malesh, wato ya yi haƙuri, yanzu kowa da gonarsa.

Muka nemi gayya. Mutane sun zo, ba zan ci amanarsu ba, sun zo kwana biyu sun yi ihu tare da mu. Amma samarin ƙauye suna wajen zinari, waɗanda suka rage kuma kowa na da nasa ciwon kan: wannan albasarsa na son ruwa, wancan masararsa na son noma. A da duk layi aiki ɗaya ake yi a rana ɗaya, shi ya sa gayya ke yiwuwa. Yanzu ranar da nake bukatarka ita ce ranar da kai ma kake bukatar kanka.

Inna ce ta kawo dabarar tsumma. Wata safiya ta zo da ƙullin kaya a ka, ta zube. Tsofaffin zannuwa ne da rigunan yara da gidan sauron da ya yage. Muka yayyaga su muka riƙa sa wa kawunan gero muna ɗaurewa, ɗaya bayan ɗaya. Da suka ƙare ta koma gida ta ɗauko tob ɗinta, dogon mayafinta na fita, shuɗi mai ɗigon fari, wanda Baba ya sayo mata shekarar da auduga ta yi albarka. Na riƙe hannunta na ce, "Inna, wanga kaɗai ya rage miki na shiga mutane." Ta fizge, ta sa haƙori ta fara tsaga shi. Duk da haka abin da muka rufe bai kai faɗin tsakar gidanmu ba, ga hawasha shimfiɗe har inda ido ya tsaya.

Muna cikin wannan, geron ya kusa ƙosawa, muna cewa idan muka jure kaɗan za mu tsira da rabi, sai aka yi rasuwa. Ƙanen liman ne, abokin Baba tun na ƙuruciya, ya cika da asuba. A ƙauyenmu idan aka yi rasuwa babu mai zuwa gona. Maza na wajen haƙa kabari da jana'iza, mata na gidan makoki tun safe, wanda bai je ba kuwa za a riƙe masa har jikokinsa. Baba ya sauko daga gado ya karkaɗe rigarsa. Inna da matan yayyena suka yafa abin da ya samu suka bi shi.

Na ce ba ni zuwa.

Baba ya tsaya. "Ɗiyata, mutum ya mutu."

"Allah shi jiƙan shi. Shi ya gama nashi, Baba. Mu ad da sauran ci."

Ya dube ni, ya dubi geron, ya juya ya tafi. An yi maganata a ƙauye bayan nan, an ce 'yar gidan Hajji ta fifita hatsi a kan gawa. Har yau ban ba kowa haƙuri ba.

Amma tsayawata ba ta yi amfanin komai ba. Sun zo a wannan safiya kamar an aika musu cewa ni kaɗai ce. Na hau gado na ja igiyoyi har ɗaya ta tsinke. Na sauko na ruga gabas, suka koma yamma. Na ruga yamma, ganyen gero na yanka min fuska, takalmina ya maƙale a laka na bar shi. Na yi ihu har abin da ke fita daga maƙogwarona ya daina zama murya. Daga baya na zauna a ƙasa tsakanin karare. Sai a lokacin na ji ƙarar cinsu, wadda ihunmu ke hana mu ji. Wata ƙara ce siririya ko'ina a kaina, kamar yayyafi a kan kwano, ƙaiƙayi na zubo min a ka da kafaɗa. Na ɗora hannu a ka na yi kuka irin wanda ko ranar da mijina ya tafi ban yi ba. Tsoro ne ya kama ni, tsoron yunwa, da tsoron fuskar Baba idan ya dawo.

Da ya dawo daga maƙabarta ya shiga gonar ya zagaya ta shi kaɗai. Yana kama kan gero ya murza a tafin hannu ya hure, ya kama wani. Sannan ya zo ya same ni inda nake zaune, ya cire rawaninsa ya share min jinin da ke fuskata. "Tashi, ya bitti," ya ce, wato 'yata da Larabci. "Kin yi abin da kika iyawa."

Tsuntsayen da muka ƙosar ba su tafi ba. Da namu ya ƙare suka jira dawar mutane ta yi madara suka koma kanta, sun ninka yawa. Sai magana ta juya. Waɗanda suka zo kallo da la'asar suna sa albarka, su ne suka riƙa cewa Hajji ne ya kira wa layi zarzur da geronsa. Dattijon Balaraben nan makwabcinmu, da aka ce ya tanadi ƙwarya, ya daina yi wa Baba sallama. Wannan ya ci Baba fiye da asarar, na ga yadda ya riƙa zaɓar sahun baya a masallaci.

Mun yanke abin da ke cikin tsumma. Bai cika dami biyu ba. Karan kuma muka sayar wa masu shanu, shi ya riƙe mu ɗan lokaci. Daga nan farar boksi ta tsaya a ƙofar gida. Ban kai shayi ba a ranar, matar yayana ce ta kai. Ina cikin ɗaki ina jin muryar tajirin yana jajanta wa Baba, da gaske kuma yake yi, yana cewa abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Suka shiga mota tare suka tafi Madani. Da yamma aka sauke Baba da buhunan dawa a bayan motar, yara na tsalle suna murna.

Inna ta zaɓi kawunan geron da suka fi cika, ta ɗaure su da guntun shuɗin tob ɗin nan, ta rataya a rufin madafa inda hayaƙi zai hana ƙwari. Haka ake ajiye iri. Sauran kuwa tuni ya ƙare a kunun yara. Sun yi kwanaki a wurin. Wata la'asar Baba ya shigo madafa, wurin da ban taɓa ganin ya shiga ba, ya ɗaga kai ya dube su.

"Sauko da shi ki daka muna hura."

Muryar Inna ta fara dawowa a lokacin, amma a shaƙe take. "Malam, iri na. Shi kaɗai ya rage."

"Na sani."

"A bar shi. Yara na iya dawowa da abin hannunsu. Ana iya samun wata gona."

"Ina zan shuka shi?" ya ce. Bai ɗaga murya ba. "Hwaɗa min, ina? Cikin tsakar gida? Sauko da shi."

Ni na hau turmi na kwanto shi. Muka sussuka, muka sheƙe, muka surfa. Duk abin da ya fito bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Inna ta daka da citta da kanumfari, ta dafa, ta kirɓa, na je makwabta na roƙo nono. Ƙanshin da ya cika gidan ban taɓa jin irinsa ba, furar geron kasuwa ba ta kama ƙafarsa. Ina damawa hawaye na zubo min, ina kawar da fuska don kada su faɗa ciki.

Baba na zaune a tabarmar da tajirin ke zama. Na durƙusa na miƙa masa. Ya yi bisimilla ya kurɓa, ya riƙe a baki ya daɗe kafin ya haɗiye. Ya ce haka uwarsa ke yin ta. Ya ƙara ludayi biyu, ya miƙa wa Inna, ta girgiza kai. Sai ya miƙo min.

"Shanye, ɗiyata, kak ki rage. Ke kika tsare shi." Ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. "Ki tashe ni da wuri gobe. Za a hwara dashen albasa hawashar mutumin Madani, ya ce kada ma'aikata su makara."

Na riƙe ƙwaryar ina kallonsa har ya shiga ɗaki. Tunda nake ban taɓa jin ya kira gonar nan da sunan wani ba sai ranar.